Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Bauchi: Sunaye Biyun Da Na Ƙara A Rajista

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi, Sanata Bala Abdulkadir Mohammed, Ƙauran Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 35 na yi ina shaƙar ƙurar alli, 11 daga ciki ina hedimasta a wani ƙauye da ke arewacin jihar nan. Na san da an ji tsohon malami ya rubuto wasiƙa za a ce maganar fansho da giratuti ce. Tana nan, amma ba yau ba. Yau laifi na zo faɗa, kuma tun da an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, bari in fara sauka daga kan nawa.

Wata shekara, saura kwana kaɗan a rufe rajistar jarrabawar shiga sakandare, wadda muke kira kwaman, sai ga wani babba daga cikin na sama da ni a wurin aiki ya diro makarantarmu. Mutumin da sai mu shekara biyu ba mu ga ƙeyarsa ba, don hanyar garin in damina ta sauka sai an bar mota a bakin rafi an tattare wando. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, saboda iska ta yaye rufin ofishina tun bara waccan, aka damo fura. Da muka gama gaisawa, ya zura hannu a aljihun gaba ya ciro 'yar takarda a ninke da hotunan fasfo. Sunaye biyu ne, mace da namiji, kuma sunansa ne a ƙarshen kowanne. Daga baya na ji ashe ɗaya na uwargida ne, ɗaya na amarya, don kada wani ɗaki ya ce an nuna masa bambanci.

Ya ce, "Malam, 'ya'yanka ne. A sa su a aji shida."

Na dubi hotunan. Yara sumul, cikin yunifom ɗin wata makarantar kuɗi ta cikin gari. Na ce, "Yallaɓai, ai rajista ta riga ta cika, shekara ta yi nisa." Ya yi murmushi ya ce, "Kai kake rubuta rajista, ko ita take rubuta ka?" Muka yi dariya tare, har da tafawa.

A daren nan na zauna gaban fitilar ƙwai na buɗe rajistar aji. Ba rubuta suna ne aikin ba. Aikin shi ne komawa baya har farkon shekara ina yi wa kowace rana alamar yaro ya zo, safe da rana, mako bayan mako. Biro biyu na yi amfani da su don kada tawada ta zama iri ɗaya. Har fashi na ba su na kwana uku-uku, don babu yaron ƙauye da ke cika zango bai yi fashi ba. Yaran da ba su san ko gabas ƙofar makarantar take kallo ba, kafin asuba sun zama ɗalibaina na haƙiƙa a takarda.

Abin da ya kawo shi a fili yake. Akwai makarantar kwana ta gwamnati mai kyau da ake shiga da jarrabawa, ana kuma raba gurabenta tsakanin ƙananan hukumomi. A birni masu nema sun yi yawa, maki ya yi tsada. A wajenmu kuwa yaro da ɗan abin da ya samu sai ya haye. To ka ɗauko yaron da ya tashi kan benci, da littattafansa, da malamin darasin yamma da ake biya, ka jera shi da yaran da ke zaune a ƙasa su biyar kan littafi ɗaya. Ai an gama tseren tun ba a busa usur ba.

Akwai wata yarinya a ajin nan, 'yar matar da ke toya ƙosai a bakin makaranta. Ban taɓa koyar da mai kaifin kai irinta ba. Da sakamako ya fito, gurabenmu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ita ce ta farko a bayan layin da aka ja. Da babu sunaye biyun nan da ta shiga. Uwarta ta riga ta kwashi adashe ta sayi akwatin ƙarfe a ranar kasuwa, shuɗi mai zanen fulawa, ta ɗora wa yaro a ka ya kawo mini in gani. Na ce mata ta yi haƙuri, akwai jerin sunaye na biyu. Jerin ya fito, amma ba a liƙa shi ko'ina ba, mu dai mun ji an ce an kammala ɗiba. Aka tura yarinyar makarantar jeka-ka-dawo ta wani gari da ke nesa, ta yi zango ɗaya tana tafiya a ƙasa, ta gaji. Bayan shekara biyu akwatin nan yana cikin kayan ɗakinta. Na je ɗaurin auren, aka ba ni goro na karɓa.

Ranka ya daɗe, da a ce abin ya tsaya a zamaninmu da na bar kaza cikin gashinta, na ci gaba da istigfarina. Amma ina zaune a cikin Bauchi yanzu, tsofaffin ɗalibaina da suka zama malamai da iyaye suna zuwa gaishe ni, labarin bai canza ba sai salo. Wani ya karɓo wa ɗansa takardar indijin ta ƙaramar hukumar da kakansa ma bai taɓa kwana a cikinta ba. Wani ya je ya yi rantsuwa a takarda ya ƙara wa yaro shekara, ya ɗauko shi daga aji huɗu ya zaunar da shi jarrabawar 'yan aji shida. Mai wayo kuwa ba ya wahalar da kansa da jarrabawa, sai ya jira a shiga aji biyu na sakandare ya shigo da yaron da sunan canjin makaranta, inda babu mai tambayar maki. Har a makarantun jeka-ka-dawo na cikin gari, duk wadda aka ga ta ɗan farfaɗo, an yi mata fenti an kawo malaman lissafi, sai ka ga motoci suna sauke yara daga wancan ƙarshen gari, yaron da katangar gidansu ke jingine da ta makarantar kuma an ce masa an cika. A tura shi inda sai ya hau Keke Napep biyu, uban da ke neman na masara ya lissafa kuɗin zuwa da dawowa, ya ce a bari sai baɗi.

Kuma ba a kiran abin da sunansa. Alfarma ake cewa. Kalma mai daɗi, kamar ba a ɗauke komai daga hannun kowa ba. Alhali aji ba ya miƙewa kamar roba, gadon ɗakin kwana kuma ƙirgagge ne. Duk yaron da aka shigar ta bayan fage, akwai wanda aka fitar, sai dai shi ba a ganin fuskarsa, ba ya ma sanin an yi. Uwar yarinyar nan har ta rasu tana cewa rabo ne bai yi ba, tana kuma aiko mini da ƙosai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an yi ƙa'idojin nan ne domin irin yaranmu. A makarantun haɗin kai na tarayya, irin ta Azare da ta 'yan mata da ke nan Bauchi, tsarin da ake bi bayan jarrabawar NECO shi ne kashi 60 cikin 100 cancanta, 30 daidaito tsakanin jihohi, 10 kuma lalura. A jami'o'in tarayya kashi 45 cancanta, 35 'yan yankin da jami'ar ke ɗiba, 20 kuma jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, mu kuwa muna cikinsu. Da sunan ɗan talakan Gamawa da na Warji da na Kirfi aka samo wannan rangwame, har 'yan Kudu suna yi mana gori a kansa. Na san waɗannan makarantu ba a ƙarƙashinka suke ba. Amma takardar da ke shaida wane ɗan wace ƙaramar hukuma ne daga sakatariyoyinmu 20 take fitowa, rajistar da ke shaida inda yaro ya yi firamare kuma daga hannun irina take fitowa. Nan ne hannunka yake kaiwa.

Dattawanmu sun ba mu labarin zamanin Turawa, lokacin da in an ce a kawo yara makaranta masu hali sukan ɓoye nasu a rumbu, a tura ɗan bara ko ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa. Sai da aka ga abin da boko ke haifarwa aka juya. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne. Daga makarantar lardi ta Bauchi ya tafi Kwalejin Katsina a 1928, ya dawo a 1933 ya koyar a Midil ta Bauchi, a 1957 ya zama Firayim Minista. Duk lokacin da na wuce ta kabarinsa sai in tambayi kaina, da a ce a ajina yake a shekarar nan, shin da ban goge shi da biro biyu ba? Kai ma daga Duguri ka fito, ka san yadda ƙofa ɗaya tak take wa yaron ƙauye.

Na san amsar da abokan aikina za su bayar, don ni ma na sha bayar da ita. Za su ce albashin malami bai kai ya kawo ba, shi ke tarbiyyar 'ya'yan kowa, ashe nasa ɗan ba zai ci ko ɗan wannan ba? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. In gwamnati ta ga dacewar ware wa 'ya'yan malamai gurbi, ta ware a rubuce, a san adadinsa, a san ƙa'idarsa, kada a yanko shi daga kason ƙauye. Sai dai in faɗa maka abin da na gani: ba malamin aji ke cin alfarmar nan ba. A shekarar da na ƙara sunaye biyun, ɗan mataimakina ma bai samu shiga ba. Kashin dankali ake yi, na ofis ya danne na makaranta, na makaranta ya danne iyaye.

Wasu kuma za su ce ai abin so ne jami'in ilimi ya sa ɗansa a makarantar gwamnati, kamar yadda gwamnan Kaduna na lokacin ya yi a 2019 aka yi ta yayatawa. Na yarda ɗari bisa ɗari. Amma ya kai shi ta unguwarsu, wadda ƙa'ida ta ba shi, ya zauna inda 'ya'yan maƙwabta ke zaune. Wallahi da haka ake yi, da rufin ofishina bai shekara biyu a yaye ba. Abin da ake yi yanzu shi ne, lalatacciya a bar wa talaka, mai kyau guda ɗaya a shiga gabansa a layi.

Ba sabuwar doka nake roƙo ba. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar da dama daidai wa daida a ilimi. Jadawali na biyar ya hana ma'aikaci sa kansa inda son ransa zai yi karo da aikinsa. Sashe na 19 na dokar ICPC ta 2000 ya yanke ɗaurin shekara 5 babu zaɓin tara ga wanda ya yi amfani da kujerarsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa fifikon da bai dace ba. Mai dokar barci ne dai ya ɓuge da gyangyaɗi.

Abin da ke kashe wannan ɗabi'a haske ne, kuma ba ya cin kuɗi. Ka ba da umarni duk makarantar jiha da ake shiga da jarrabawa a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, kowane suna da makinsa da firamaren da ya fito, a kuma karanta a gidan rediyon BRC. Jeri na biyu da na masu canjin makaranta su ma a liƙa, don a nan ɓarnar take kwana. A ƙauye babu wanda ba a sani ba. Da an karanta sunaye biyun nan a rediyo an ce daga makarantarmu suke, kafin la'asar mai unguwa da 'yan kwamitin kula da makaranta na SBMC sun cika gindin dalbejiyar nan suna tambayata 'ya'yan gidan wa ne. Tsoron wannan kaɗai ya isa ya ba ni bakin cewa a'a. Jami'in da ɗansa ke cikin masu jarrabawa kuma ya faɗa a rubuce, ya janye hannunsa daga tantancewar wannan shekarar.

Sai abu ɗaya da nake so ka riƙe fiye da sauran. Hedimasta ba don kwaɗayi yake sa hannu ba, ni ko sisi ba a ba ni ba. Tsoron takardar canjin wurin aiki ne, a wayi gari an jefa ka inda ko babur ba ya zuwa, ko ƙarin girmanka ya kwanta a durowa shekara biyar. Wanda ya zo da sunayen shi ne mai sa hannu a takardar. In ba a samar wa ƙaramin ma'aikaci inda zai kai ƙara a sama da mai gidansa ba, aka kuma hana a taɓa shi bayan ya kai, to duk umarnin da za ka bayar a kansa zai ƙare, shi za a kama, mai 'yar takardar yana gefe. Yaran da aka riga aka shigar kuwa a ƙyale su su gama, ba su suka rubuta rajista ba.

Rajistar shekarar nan tana wurina. Ranar da na bar makarantar na sa ta cikin kayana, ban san dalili ba. Gara ta ci gefenta, amma shafin yana nan, sunaye biyu a ƙasan jeri, lamba 47 da 48, tawada shuɗiya da baƙa. In ka kafa masu binciken wannan al'amari, a neme ni ta hannun jaridar da ta buga wasiƙar nan, zan kawo ta da ƙafata in nuna musu yadda ake gane irinta.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Tsohon hedimasta,
Bauchi.