Rahoton Ayyukan Shekara: Binciken Zuri'a a Kundayen Ikilisiyar Errol

Zuwa ga dattawan ƙungiya da sauran mambobi, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kamar yadda babban taronmu na bara ya amince, kwamitin zartarwa ya karkata yawancin aikin bana zuwa ga kundayen tsohuwar ikilisiyar Presbiteriyan ta garin Errol, wanda ke tsakanin biranen Perth da Dundee a ƙasar Sukotland. Dalilin zaɓenta shi ne rajistar baftisma tata ta faro ne daga 1553, kuma babu wadda ta girme ta a cikin rajistocin baftisma na ikilisiyoyin ƙasar da suka tsira, har ma ta riga sauyin addini na 1560 da ya raba cocin Sukotland da Roma. Bukatar kuwa ta taso ne daga mambobinmu da suka haɗa zuri'a da mutanen wannan yanki ta hanyar aure, waɗanda 'ya'yansu suka fara tambayar asalin kakanninsu na ɗaya ɓangaren.

Mun karanta hotunan shafukan ta dandalin intanet na ScotlandsPeople, wanda hukumar adana takardun tarihi ta ƙasar da ke Edinbara take gudanarwa. Watannin farko sun tafi ne a koyon karanta tsohon rubutun hannu na magatakardan coci, mai cike da gajerce-gajerce, inda sunan mutum ɗaya kan zo da rubutu iri-iri a shafuka daban-daban. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne al'adar ƙasar ta rubuta mace da sunan gidan mahaifinta ko bayan ta yi aure, wadda ta ba mu damar bin dangin uwa.

Babban abin da kwamiti ke son mambobi su riƙe shi ne, rashin ganin suna a rajistar baftisma ba hujja ba ce cewa mutumin bai zauna a garin ba. Gwamnati ba ta wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai daga 1 ga Janairu, 1855, saboda haka duk abin da ya gabaci wannan rana ya dogara ne ga himmar magatakarda da kuma aljihun iyaye. Daga 1783 zuwa 1794 an ɗora harajin taro, wato kwabo uku, a kan kowane suna da aka shigar, kuma iyalai da yawa a faɗin ƙasar suka ƙaurace wa rajistar. Sai kuma rabe-raben coci: na 1733, da babban na 1843, lokacin da limamai fiye da 450 suka fice tare da jagoransu, Thomas Chalmers, saboda ƙin yarda masu filaye su riƙa naɗa wa ikilisiya limami. Waɗanda suka fice sun buɗe nasu rajistocin, kuma sai an neme su daban. 

Don cike wannan giɓi ne muka koma ga kundayen zaman majalisar limami da dattawan ikilisiya, waɗanda aka fara sanya hotunansu a intanet a 2021. Ba su da jerin sunaye da za a bincika kai tsaye, sai an bi su shafi bayan shafi, amma a ra'ayin kwamiti sun fi rajistar amfani. Irin waɗannan kundaye ne ke ɗauke da sunayen matalautan da coci ke tallafa wa kafin dokar 1845 ta miƙa aikin ga wasu hukumomi, da kuɗin hayar mayafin da ake rufa wa akwatin gawa, wanda sau da yawa shi kaɗai ne shaidar lokacin rasuwar mutum.

Su ne kuma ke ɗauke da shari'o'in ladabtarwa a kan maye da keta ranar Lahadi da haihuwa ba tare da aure ba, inda akan ambaci sunan uban yaro. An yi doguwar muhawara a kan wannan, kuma kwamiti ya yanke cewa za a miƙa irin wannan bayani ga iyalin da abin ya shafa kaɗai, ba za a sa shi cikin jerin sunayen da ake raba wa kowa ba, domin tsufan takarda ba ya kawar da hakkin rufin asiri.

Ta fuskar kuɗi, mafi yawan abin da aka kashe ya tafi ne wajen biyan kuɗin buɗe hotunan shafuka, kuma ma'aji zai gabatar da cikakken lissafi a zauren taro. A shekara mai zuwa kwamiti na neman amincewarku ya gwada sunayen da aka tattara da ƙidayar jama'a ta 1841 da ta 1851, sannan ya tura wakilai ɗakin bincike na Edinbara. Mambobin da ke son shiga ajin karatun tsohon rubutu su ba sakatare sunayensu kafin a tashi daga taro.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa.