Barka da Sallah daga Faransa

Assalamu alaikum, Baba da Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi layyarku, Ya maimaita mana. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai kewarku da ta sako ni a gaba tun asuba. Na kira wayar Yaya ba ta shiga ba, na san kowa na kan hidima, shi ya sa na zauna na rubuta, Auta ya karanta muku idan an natsa.

Nan ƙasar ba a ba da hutun Sallah. Da safen nan a cikin Faris yara sun tafi makaranta da jakunkunansu, masu shara na aikinsu, ba kabbara a lasifika, ba kukan rago ko ɗaya. Ni ma sai da na roƙi izinin yini a wurin aiki. Abokin zamana, wani bawan Allah ɗan Mali, shi ya ce in ina son in ga Sallah in sa kayana mu fita bayan gari, wani wuri da ake kira Saint-Denis, arewa da Faris. Na sa shaddar nan da kuka aiko mini bara, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 13. Tun a cikin jirgin na fara jin sanyi a raina, don duk tashar da aka tsaya sai masu jallabiya da manyan riguna su ƙaru, har wani dattijo Balarabe ya miƙo mini hannu muka gaisa ba tare da mun san juna ba.

Filin idi irin namu babu shi a nan. Masallatai ba sa ɗaukar jama'a, sai a yi sallar kashi-kashi, wasu su fito wasu su shiga, a wasu unguwannin ma zauren wasanni ake ara. A sahun da na tsaya, na damana ɗan Aljeriya ne, na haguna ɗan Senegal, a gabana wasu samari ne 'yan Bangaladash. Da aka sallame kowa ya juya ya rungumi na kusa da shi. Baba, wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don na tuna yadda kuke riƙe hannunmu a hanyar dawowa daga idi, kuna cewa a sake hanya kada a bi wadda aka zo ta ita.

Sallar ta faɗo ranar Juma'a, ita kuwa kasuwar garin, ran Talata da Juma'a da Lahadi take ci, sai muka zarce can. Inna, da kin gani da kin yi mamaki. Kamar kasuwar jajibere take don cika. Ga mahauta 'yan Maroko, ga matan Mali da Kwaddibuwa da atamfofinsu suna cinikin kuɓewa da manja da busasshen kifi, ga mutanen Sirilanka da buhunan shinkafa da kayan ƙamshi, ga tsofaffin Turawan Fotugal da suka zo aikin gini tun shekaru masu yawa suka zauna. Kowa da harshensa, in magana ta ƙi sai a koma Faransanci. Na samu kuka da daddawa a shagon wata mata, na saya ban ko nemi ragi ba. A cikin Faris ana yawan faɗin maganganu marasa daɗi kan wannan yanki, da ake kira gunduma mai lamba 93, ana cewa wurin talakawa ne da baƙin haure. Talauci kam akwai, na ga tsofaffin benaye da suka gaji, na ga samari zaune ba aiki. Amma ni dai tunda na zo ƙasar nan ba inda aka amsa mini sallama da fuska a sake kamar can. Waɗannan mutanen su ne ke tashi da duku-duku su shiga Faris su share ofisoshi, su dafa abinci, su yi gini, da dare su komo.

A tsakiyar garin, dab da kasuwar, akwai wata tsohuwar majami'a mai girman gaske wadda a cikinta aka binne sarakunan Faransa sama da 40. An sassaƙa siffofin da yawa daga cikinsu da farin dutse, kowa kwance a kan kabarinsa. A 1793, lokacin da talakawa suka yi juyin juya hali, an tone kaburburan an kwashe gawarwakin. Yau a ƙofar wurin jikokin mutanen Afirka ne ke guje-guje da kayan Sallah. Ku gaya wa Auta kuma na ga Stade de France da idona, filin da Faransa ta ci Burazil 3-0 a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1998, inda Zidan ya ci biyu da ka. Yana ɗaukar mutum kusan 80,000. Daga waje na tsaya, na ɗauki hoto zan turo masa.

Duk wannan bai cike mini gurbin abu ɗaya ba. Nan doka ta hana mutum ya yanka dabba a gidansa ko a bakin titi, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mai son layya zuwa yake wurin mahauci tun kafin Sallah ya biya, a ba shi takarda, a yanka a inda bai gani ba, ya karɓi namansa a cikin leda, wani ma sai washegari ko jibi. Layya ta yi, malamai sun ce ta yi. Amma ina Baba da wuƙarsa da aka wasa tun jiya, ina ramin da muke haƙawa a gindin katanga, ina gardamar wa zai riƙe ƙafa? Da muka zo wajen tashar jirgi na tarar da masu gasa tsire da masara a kan keken tura kaya, hayaƙin ya bugi hancina, sai na kasa tafiya. Na san a daidai lokacin an riga an feɗe, an banƙare ragunan a kan itace an jera su kewaye da wuta a ƙofar gida, kitse na ɗiga wutar na tashi, Kawu na zaune yana faɗin wanda za a juya. Ƙaurin babbakar kai da ƙafa ya cika unguwa. Inna na tsakar gida da tukunyar suyar kayan ciki, tana korar yara da ludayi, tana kuma ɓoye mini hanta da tumbi a ƙaramin kwanon nan mai murfi. Na sayi tsiren na ci, ba laifi, amma yajin ba naki ba ne, ba citta ba kanumfari, ba ƙuli-ƙulin da kike dakawa da kanki. Har kakiden da nake ƙi ina yaro yau shi nake marmari a kan tuwo. Gobe kuma da za a yi rabon nama, ban san wa zai kai wa Gwaggo cinyarta ba tunda aikina ne.

Da yamma dangin abokin nawa suka karɓe ni a gidansu, hawa na bakwai, muka ci shinkafa da miyar gyaɗa a faranti ɗaya. Mutanen kirki ne, ku sa su a addu'a. Yanzu ƙarfe tara ta wuce amma rana ba ta faɗi ba, haka bazararsu take.

A gaishe mini da Kaka, a gaishe ta da kyau. A gaya mata mijinta na Turai bai manta da goronta ba, yana cikin kuɗin da na turo wa Yaya, fari manya za a saya mata, kuma kada ta bari a ba ta soyayyen nama mai tauri, a yi mata dambu. Ina jin muryarta a kunnena tana tsokanata, a riƙe mata waya gobe in ji ta sosai. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da amaryarmu da wannan ce Sallarta ta fari a gidan, Allah Ya ba da zaman lafiya. Gwaggo da Kawu da mutanen gidansu duka. Ƙannena mata, a turo mini hoton lalle da kitso, kowace da goron Sallarta a hannun Yaya, kada a yi rigima. Malam liman, maƙwabta na gabas da na yamma, da abokaina na dandali. Auta kuma ya dage da karatu.

Inna, idan an samu mai tahowa kada a ba shi nama, ko soyayye ko kilishi, kwastan na nan ƙwacewa suke yi. Yajin kawai za ki ƙulla mini, mai yawa.

Wassalam,
ɗanku mai kewarku.