Godiya ga ofishin kai saƙo na Yantala

Assalamu alaikum. Zuwa ga Alhaji, shugaban ofishin kai saƙo da babura da ke Yantala, Yamai, da dukan ma'aikatansa.

Mu mazauna benayen haya na Yantala da Plateau muka rubuto, don mu yi godiya a gaban jama'a. Kowa ya san yadda kwatance yake a Yamai. Tituna na da alluna masu lamba, amma ba mai aiki da su. Sai dai a ce bayan farmasi, kwana ta biyu bayan kwalta, ƙofa shuɗiya. A bene abin ya fi wuya, domin ƙofa ɗaya ce ga gidaje goma ko fiye, kuma yawancin mutanen ciki suna wurin aiki daga safe har la'asar.

Abin da kuka gane, wanda wasu ba su gane ba, shi ne mai gadi ne ginshiƙin aikin. Kun ba kowane mai gadi littafi mai layi huɗu: hawa da lambar ƙofa, ranar isowa, sa hannun mai babur, sa hannun mai karɓa. Mai saƙo kuma yana samun lamba mai harafi huɗu ta salula, ba a miƙa kwali sai ya faɗe ta. Da wannan rikicin "na ba yaron gidan" ya ƙare, domin a da saƙon hawa na 2 kan tashi a hawa na 3 saboda suna ya zo ɗaya. Wurin da aka turo ta WhatsApp da hoton ƙofa kuna adana su tun karon farko, ba a sake tambaya.

Kantar ƙarfe mai makulli da kuka sa a inuwa, a ƙarƙashin matakala, ita ma ta yi amfani. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, man shafawa da magani ba sa jure ɗakin mai gadi mai rufin kwano. Da damina kuma kun ɗaga kantar daga ƙasa, kuna sa leda a kan kwalaye.

Kayan da suka sauka a tashar Rimbo daga Tahoua ko Maradi kuna ɗauko su da hoton rasit, a biya kuɗin babur ta Airtel Money ko Nita, ba jiran canji.

Roƙonmu ɗaya, Alhaji: ranar Juma'a a guji kawo kaya tsakanin ƙarfe 1 da 3, masu gadi suna masallaci, mai babur sai ya tsaya a rana banza. Buhun shinkafa na kilo 25 kuwa a turo mutum biyu idan hawa na 3 za shi.

Allah ya ƙara buɗi, ya kare yaranku a hanya.

Naku,
Mazauna benayen haya na Yantala da Plateau