Saboda albasa malamina ya ƙi sa wa furojet ɗina hannu

Assalamu alaikum Anti. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan fili. Don Allah ki sakaya sunana. Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba, ko abinci sai ƙawata ta matsa mini nake taɓawa.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, sashen nazarin halittu. Talatar makon jiya, a ɗakin semina, malamin da ke duba furojet ɗina ya ce mini a gaban kowa ba ni da tarbiyya. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya ce, “Ke har kin kai ki koya mini aikina?” Hannuna yana rawa har biron da na riƙe ya faɗi ƙasa, ban iya sunkuyawa na ɗauka ba. Tun ranar bai amsa gaisuwata ba, kuma saura mako uku a rufe karɓar furojet.

Sai na yi miki bayanin aikin kafin ki gane, ki yi haƙuri da ni. Kusan kowane tantani na jikin mai rai, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jiki, yana ɗauke da DNA, kamar littafin da aka rubuta da haruffa huɗu kacal. Jimillar rubutun ake kira jinom. Namu na mutane haruffa biliyan 3 ne da ɗoriya. Hankali zai ba ki cewa halittar da ta fi sarƙaƙiyar jiki ita za ta fi dogon littafi, ni ma haka na zata da na shigo jami'a. To albasa tana da wajen biliyan 16, ninki biyar na namu. Gaiwa da ke kwana cikin laka tana da wajen biliyan 40. A 2024 aka auna wani ɗan tsiro na tsibirin Sabuwar Kaledoniya, ƙarami ne da za ki taka ba ki sani ba, aka same shi da biliyan 160, wato sau hamsin na mutum. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wani kifin tekun Japan, dangin talibambam, jinom ɗinsa wajen miliyan 400 ne kawai, amma ƙwayoyin gadonsa, wato sassan rubutun da ke ba jiki umarnin haɗa furotin, sun yi kusan yawan namu, mu da muke da kimanin 20,000. Ba ni na ƙirƙiro wannan ruɗani ba, Anti. Tun 1971 wani masani mai suna C. A. Thomas ya raɗa masa suna.

Kuma shi ya zaɓa mini wannan batu da kansa, na manta ban faɗa ba. Ni tsuntsaye na so in yi. Shi ya ce a'a.

Inda muka saɓa shi ne babi na huɗu. Malam ya tsaya a kan cewa babu harafi ɗaya na banza a jinom ɗin ɗan Adam. Abin da ke tsara furotin bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, wannan mun yarda mu duka. Shi yana cewa sauran duk umarni ne da ke sarrafa jiki, kuma shi ne sirrin fifikonmu. Hujjarsa ita ce wani babban bincike kan jinom ɗin mutum mai suna ENCODE da ya fito a 2012, wanda ya ce kashi 80 cikin 100 na jinom ɗinmu yana da wani aiki na sinadari. Kullum ita yake maimaitawa, kamar bayanta ba a sake rubuta komai ba. Masana da yawa sun soki wannan adadi, domin an faɗaɗa ma'anar “aiki” har ta haɗa da duk wurin da aka kwafa ko wani furotin ya taɓa, ko da jiki bai ƙaru da komai ba. Ni kuma na rubuta abin da na karanta: yawancin bambancin girman nan daga gutsattsarin DNA ne masu kwafar kansu suna sauya wuri. Wata masaniya, Barbara McClintock, ce ta gano su a masara, har ta samu kyautar Nobel a 1983. Sun kai wajen kashi 45 na jinom ɗinmu, a masara kuma wajen kashi 85. Wani lokaci kuma jinom ɗin ne gaba ɗaya yake ninkuwa, kamar alkama mai saiti shida. Wasu halittu suna zubar da tarkacen da sauri, wasu suna tarawa. Abin da girman ya fi tafiya da shi shi ne girman tantani da jinkirin rabuwarsa. Ban ce duk na banza ne ba, wallahi ban ce ba. Na rubuta ƙarara cewa akwai ɓangaren da ke kunna ƙwayoyin gado da kashe su.

Sau biyu na kai masa babin. Na farko ya yi wata guda a ofishinsa, da na karɓo ko shafi ɗaya bai lanƙwasa ba. Na biyu ya zagaye sakin layi uku da jan biro ya rubuta “cire” kawai, ba dalili. Mutum ne da ba ya son a tambaye shi, kowa a sashen ya sani, waɗanda ke yi masa “haka ne Malam” su ne 'yan gabansa.

To a seminar da ya sake kawo kashi 80 ɗin, sai na yi masa tambayar da wani masani mai suna T. Ryan Gregory ya kawo a 2007. Na ce, Malam, in duk haruffan nan dole ne, me albasa take yi da ninki biyar na namu? Kuma me ya sa a cikin dangin albasa kansu wani ya ninka ɗan'uwansa fiye da sau huɗu? Da ladabi na faɗa. Ɗalibai ne suka yi dariya, ban sa su ba. Akwai baƙon malami daga wata jami'a a wurin, shi ma ya yi murmushi, ina jin wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Yanzu har an fara cewa wai na ce albasa ta fi mutum daraja. Subhanallah! Yaushe yawan haruffa ya zama daraja? Ai maganata ma ita ce ba a auna mutum da wannan mudun.

Akwai abu ɗaya kuma. Da daddare ranar, raina a ɓace, na sa hoton albasa a zauren WhatsApp na ajinmu na rubuta “biliyan 16” a ƙasa. Ban ambaci sunan kowa ba. Na goge kafin asuba, amma wani ya riga ya ɗauka ya tura masa. Na san wanda ya yi, kuma na san dalilinsa, amma wannan wata magana ce daban.

Babana ya ce in je in durƙusa in ba shi haƙuri, in cire babin, in karɓi takardata, gaba ta fi baya yawa. Ƙawata ta ce in kai ƙara wurin shugaban sashe a canza mini mai dubawa, amma shugaban abokinsa ne, tare suke fita cin abinci. Haƙurin zan iya bayarwa a kan hoton, wannan na yarda ban kyauta ba. Babin ne ba zan iya ba. In na cire shi, ranar kare furojet baƙon malamin nan zai iya tambayata abin da ya ji na faɗa da bakina, me zan ce masa? In rubuta abin da ban yarda da shi ba in sa sunana a kai?

Anti, yayata ta ce tun ina ƙarama haka nake, ba na barin magana ta wuce. Maganarta ta tsaya mini a rai fiye da ta Malam. Ki faɗa mini tsakani da Allah, girman kai ne yake damuna? Kuma in zan je ofishinsa ranar Litinin, in tafi da babin a hannuna ko in bar shi a gida?

Taki,
Ɗalibar ajin ƙarshe