Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Ɗan Sandan Bangkok

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin can bai takura muku ba. Ka tambaye ni abin da nake karantawa tun da na ajiye aiki, to ga amsa: wani littafin binciken laifi ne mai suna Bangkok 8, wanda Baturen Ingila John Burdett, tsohon lauya a Hong Kong, ya wallafa a 2003.

Jarumin labarin, Sonchai, ɗan sanda ne a birnin Bangkok na ƙasar Tailan, kuma ba ya karɓar na goro, alhali ofishinsu gaba ɗaya a kan cin hanci yake tafiya, tun daga kurtu har zuwa kanar ɗin da ke shugabantarsu. Dalilinsa na addini ne. A ƙuruciyarsa ya shiga cikin wani kisan kai, aka kai shi gidan ibadar mabiya Buda, ya fito da imanin cewa duk abin da mutum ya shuka zai girbe shi, ko a wannan rayuwa ko a wata mai zuwa, abin da suke kira karma. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya Buda ne, kuma dokoki biyar da ake koya wa kowa su ne barin kisa, sata, alfasha, ƙarya da kayan maye. Ka auna yadda mai riƙe da waɗannan zai yi aiki a garin da ƙwayar yaba, wata ƙwayar maye mai hana barci, ta cika, ga shi kuma littafin ya fito ne a daidai shekarar da gwamnatin firaministan ƙasar na lokacin, Thaksin Shinawatra, ta ƙaddamar da yaƙi da ƙwayoyi wanda ya ci rayuka fiye da 2,000.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsarkin wannan mutum ba cikakke ba ne. Hannunsa bai taɓa kuɗin haram ba, amma a inuwar kanar yake fakewa, kanar ne yake kare shi, har mahaifiyarsa ma da kanar ta haɗa jari. Da aka kashe abokin aikinsa kuwa, sai mai gudun kisa ya yi rantsuwar ɗaukar fansa. Ni dai ban yarda da batun sake haihuwa ba, ka san aƙidata, amma wannan kokawar na san ta, domin shekaru na yi a ofishin da ban taɓa karɓar ambulan ba, amma nakan ci tuwon walimar wanda ya karɓa, in kuma yi masa godiya.

Inda marubucin ya gaza a ganina shi ne yawan kwatanta Bangkok da idon baƙo, mashaya da matan dare sun cika shafukan har suka danne talakan da yake fitowa da asuba ya zuba shinkafa a ƙoƙon sufayen addinin Buda masu tafiya ba takalmi.

Zan ba ƙaninka littafin idan zai taso wata mai zuwa, ka yi haƙuri da rubuce-rubucen da na yi a gefen shafuka. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini.