Godiya ga shagon da ya gaya mini gaskiya a kan garanti

Zuwa ga Alhaji mai shagon kwamfuta da yaransa, titin Beirut, Kano.

Assalamu alaikum. Na yi muku godiya a shago, amma raina bai kwanta ba sai na faɗa inda jama'a za su ji.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da na taro. Bara na haɗa kwamfuta a wurinku: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-12600K na kamfanin Intel, madabod (faifan da ake dasa sauran sassa a kai) mai Z690, da ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) guda biyu. Kafin in biya, injiniyanku ya ɗauki kwalin firosesan ya ɗora yatsa a kan harafin K. Ya ce ma'anarsa firosesan a buɗe yake, mutum zai iya ƙara masa gudu ya haura 4.9 GHz ɗin da kamfani ya tsayar. Sai ya ce, "Amma yallaɓai, garantin shekara 3 da Intel ke bayarwa ga wanda ya zo a kwalinsa ba ya ɗaukar nauyin ɓarnar da ƙarin gudu ko ƙarin wuta ya jawo." Ya rubuta haka a bayan rasit, na sa hannu.

Bayan ƙaramar salla bukukuwa suka taso, aiki ya taru, kowace amarya tana jiran bidiyonta. Na shiga BIOS, wato wurin da ake canza saitin madabod, na ɗaga gudun firosesa, na ƙara wuta kaɗan. Afrilu ne, zafin Kano ya haura digiri 40. Mako bai zagayo ba allo ya fara komawa shuɗi, kwamfutar na tsayawa ana tsakiyar aiki. Na mayar da saitin yadda yake, matsalar ba ta tafi ba. Gabana ya faɗi, don jarina ke nan gaba ɗaya.

Da na kawo ta, tambayar farko da injiniya ya yi ita ce, "An taɓa BIOS?" Na ce an taɓa. Duk mai sayen kayan wuta ya san a nan magana kan ƙare a wurare da yawa: ka taɓa, garanti ya tashi, sai wata rana. Ga kuma sa hannuna a rasit. Da kun sallame ni, ba ni da bakin magana.

Maimakon haka kuka riƙe ta kwana biyu, aka gwada kowane sashe shi kaɗai. Firosesa ya fito lafiya. Ram ɗaya ne yake ta ba da kuskure a MemTest86, manhajar gwada ram, a kan gudunsa na asali, kuma ko da aka sa shi a wata kwamfutar haka ya yi. Injiniya ya duba ya ga ban taɓa wutar ram ba. Alhaji, kai da kanka ka ce abin da na taɓa daban, abin da ya lalace daban, ba za ka ɗora mini laifin da ba nawa ba. Aka canza mini ram ɗin kyauta. Kuɗin goge ƙura da sabon man sanyaya firosesa kawai na biya, kuma wannan haƙƙinku ne.

Sai kuma karatun da na samu ina zaune a benci. Ashe ko XMP, saitin nan da kusan kowa ke kunnawa don ram ya kai gudun da aka buga a jikinsa, a wurin Intel ƙarin gudu ne. AMD ma, wani kamfanin da ke ƙera firosesa, ta ce garantinta bai shafi ɓarnar ƙarin gudu ba, ko da an yi shi da manhajarta ta Ryzen Master. Injiniya ya ce a 2012 Intel ta fito da wani tsari da mutum zai biya kuɗi a musanya masa firosesa sau ɗaya idan ya ƙone wajen ƙarin gudu, amma ta daina sayar da shi a 2021. A 2023 kuma aka gano firosesan Threadripper 7000 na AMD yana da fis a ciki da ke tsinkewa idan an kunna ƙarin gudu. Kamfanin ya bayyana cewa tsinkewar kaɗai ba ta soke garanti, ɓarnar da ƙarin gudun ya haifar ce ba zai biya ba. Ma'aunin da kuka auna ni da shi ke nan, kuma kun yi haka ba tare da na roƙa ba.

Yau wata huɗu kwamfutar tana aiki a gudun kamfani, ko sau ɗaya ba ta mutu ba. Ƙanena yana tara kuɗin tasa, na ce masa in sun cika ni zan rako shi wurinku. A gaishe mini da injiniya da yaron da ya ɗauko mini akwatin har bakin Adaidaita Sahu. Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka a dukiya da iyali.

Naku,
Mai haɗa bidiyo, Kano.