A kula da tirelar da ake ja da ƙaramar mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu jan ƙaramar tirela, ta kaya ko mai ɗakin kwana, a hanyar Katsina zuwa Daura.

Babban sakacin yana wajen lodi. Ya kamata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a kan mahaɗinta da mota, domin idan kaya suka rinjaya baya takan fara lilo da zarar an taka mota, kuma birkin gaggawa ba ya gyara hakan. A sa sarƙa biyu tsakanin mota da tirela, a gitta su ƙarƙashin mahaɗin, don su riƙe tirelar idan mahaɗin ya ɓalle.

Wutar tirela kuwa daga batirin mota take zuwa, mai ƙarfin lantarki volt 12. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna cika fulogin da ke haɗa wayar tirela da ta mota da datti da tsatsa, sai fitilun birki da sigina su mutu direba bai sani ba. Abin takaici, wasu masu gyaran wuta kan maye gurbin fiyus da ya ƙone da guntuwar waya, alhali shi ne yake hana wayoyi kamawa da wuta. Ina fata jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra za su riƙa duba waɗannan fitilu a shingayensu.

Wassalam,
Mai karatu, daga Daura